Maɓallan Baya

Yayata tela ce, kuma a unguwarmu in ka tambayi gidanta da sunanta na gaskiya sai a yi ta kallonka kamar baƙo. Ka ce Mai Maɓalli, ko ɗan da bai iya sa takalmi ba, sai ya nuna maka ƙofa. Rigunan 'yan mata ƙanana take ɗinkawa, su kaɗai. Ba ta taɓa kayan maza, ba ta ɗinka labule, babbar mace ma in ta kawo yadi sai ta tura ta gaba. Kuma duk rigar da ta fito daga ƙarƙashin kekenta, maɓallanta a baya suke, a jere tun daga ƙeya har kwankwaso, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar magani. Ba zif, ba roba, ba igiya.

Ni ce farkon wadda ta sha wannan azabar. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama ƙwarai, ko kamanninta ban riƙe ba, Yaya kuwa lokacin ta fara zama budurwa. Wata maƙwabciya ta koya mata taka keke, rigar farko da ta haɗa kuma tawa ce, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kullum da safe sai na tsaya na ba ta baya, tana ɓallawa tana bincike. "Wannan ƙurjin na yaushe ne? Wa ya yakushe ki a nan? Jikinki da ɗumi, yau ba inda za ki." In na motsa in sha ranƙwashi. Na daɗe ina roƙon Allah ya sa ɓarawo ya sace gwangwanin maɓallan nan, ɓarawon bai zo ba.

Da ta yi aure sai ta kama shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai kemis da mai gyaran rediyo. Shagon nan in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Keke a tsakiya, teburin yanka a jingine da bango, a kan kanta kuma gwangwanayen madara da na biskit cike da maɓallai, kowane launi da gidansa. In tana tafiya a titi ta ga maɓalli a ƙasa sai ta duƙa ta ɗauka, ko da wa take tare. Tsumma ba ya barin hannunta sai ta cire masa maɓallansa tukuna.

Faɗanta da iyayen yara kuwa, mai gyaran rediyo ya ce ya fi duk abin da yake kamawa a tasha daɗin ji.

"Mai Maɓalli, don Allah ki sa mata zif wannan karon. Da safe ba ni da lokaci."

"In ba ki da lokacin ɓalla wa 'yarki riga, lokacin me kike da shi? Yarinya mai zif sai ta zura kaya ta fice ba hannun da ya taɓa ta. Ta kwana da zazzaɓi ba ki sani ba. An doke ta a makaranta ba ki sani ba. Ta yi tsawo ma sai maƙwabta sun gaya miki. Ga shagon zif can a tsallaken titi, Allah ya kiyaye hanya."

Wasu sun tsallaka. Akasarinsu sun dawo, don rigar Yaya sai yarinya ta sa ta gaji ƙanwarta ta gada ba zaren da ya tsinke. Allah da ikonsa kuma, ita da ta ƙare rayuwarta a kan 'ya'ya mata, nata 'ya'yan duk maza ne. Suka girma, aiki ya watsa su garuruwa. Maigidanta ya rasu, ta zauna ita kaɗai a gidan, ita da kekenta.

Ni ɗinki ya ƙi ni, na ƙi shi. Guga ce sana'ata, kuma ban taɓa ƙona rigar kowa ba, in ban da ta wani mutum da ya cancanta. Gidana da na Yaya ba nisa, lungu biyu ne, amma ba mu taɓa zama awa guda ba mu yi cacar baki ba. Ita tana ganin har yau ni ce yarinyar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, ni kuma ina da jikoki.

Bara ciwo ya buge ta a shago. Mai kemis ne ya same ta a kife a kan keke, baki ya karkace. Allah ya taƙaita, bakin ya dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun dama ya zama kamar na aro. Yatsun suna motsi, sai dai ba ƙarfi, kuma ba ya ɗaguwa sama sosai. Likita ya ce mata hannun zai iya dawowa in tana aiki da shi, in kuwa ta ajiye shi to ya tafi ke nan. Ta ajiye shi. Aka kwaso keken daga shago aka kai ɗakinta, ta sa aka rufe shi da tsohon zanin gado. Matar da ba ta taɓa yini a gida ba ta daina fita ko ƙofar gida. Biki ba ta zuwa, gaisuwar rashi ba ta zuwa, asibitin ma sai an yi da gaske. Ina kai mata abinci da rana, in same ta a zaune tana kallon bango. Na tsokane ta, na zage ta ma don ta rama, sai ta ce, "Ajiye a nan." Ranar da na ce mata zif ya fi maɓalli ta yi shiru, ranar na fita daga gidan ina kuka, don na san yayata tana mutuwa a zaune ne a hankali.

Ana cikin haka sai ga Nas. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya, ita ke shugabantar ƙungiyar matan unguwa, mace mai faɗin kafaɗa da ba a ce mata a'a. Ƙungiyar ta shirya aikin ɗinki na ƙarshen mako a makarantar firamare. An tara yadi daga masu hali, teloli za su kawo kekunansu su yi aiki kyauta, a ɗinka wa yaran da ba su da galihu kaya, marayu da waɗanda iyayensu suka gaza. Ni ta zo nema don guga, ta biyo ni gidan Yaya. Tana cikin yi min bayani sai muka ji murya daga kusurwa.

"Wa zai yanka na 'yan matan?"

Muka waiwaya tare. Nas ta ce ai akwai yara masu jini a jika, za su yi.

"Za su ɓata yadin mutane," in ji Yaya. "Zan zo."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin miya. Ban yi murna ba, tsoro ne ya kama ni. Na san halin yayata. In ta je wurin nan aikin ya yi kyau, ta tashi ke nan. In kuwa hannun ya kunyata ta a gaban mutane, ko wani abu ya lalace, za ta koma kusurwar nan ba mai ƙara fito da ita sai masu ɗaukar gawa. Na kwana biyu ina neman dalilin da zan hana ta, ban samu ba.

Ranar Asabar da hantsi muka isa. Ajin da aka ba mu babba ne, an ture bencina gefe, a kan allo akwai ragowar lissafin yara da ba a goge ba. Fanka ɗaya ce a sama, ita ma tana juyawa ne kamar an tilasta mata. Kekuna a jere a bakin tagogi, na ƙafa da na lantarki, yadi a jibge a kan teburin malami, wani mai fure, wani na labule da mai shi ya rasa yadda zai yi da shi. Ni aka ba ni kusurwa kusa da soket, da tebur da tsohon bargo. Yaya ta shigo, mai adaidaita na biye da ita da kwali cike da gwangwanayenta gaba ɗaya. Ajin ya yi tsit. Matan da ke wurin rabinsu a cikin rigunanta suka girma.

Ba wanda ya naɗa ta shugaba. Ta dai zauna a kujerar malami, shi ke nan kowa ya san matsayinsa. Almakashi ya fi ƙarfin hannunta, saboda haka ta kama alli da hagu tana zana yadi, wata na yankawa. Ana cikin haka wata matashiyar tela ta matso. Ita ce ta gaji shagon nan na tsallaken titi, Mai Zif ake ce mata, yarinya mai ladabi da saurin hannu.

"Mama," ta ce, tana ɗan rusunawa, "na kawo zif da yawa. Ko kuma mu tsaga gaba mu sa maɓalli uku manya. Zai fi sauri, kuma yaran nan..."

"Yaran nan me?" Yaya ba ta ko ɗago ba. "Don ba su da gata sai a yi musu ɗinkin ganin dama? Abin da na ɗinka wa 'yar mai bene shi za a ɗinka wa marainiya. Ke da aka haifa jiya, ina ɓalla wa uwarki riga tana majina za ki koya min yara?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, har da ƙyaƙyatawa, don na daɗe ban ji wannan bakin ba. Mai Zif ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ta kalli Nas, Nas ta yi mata alama da ido ta bari. Yarinyar ta mayar da zif ɗinta cikin leda ta koma kan kekenta.

Haka aka yi su duka, baya a tsage, kafar maɓalli a jere. Masu ɗinkin wanduna da rigunan yara maza suna can gefe suna sharar gudu, mu na 'yan mata muna tafiyar hawainiya. Wajen azahar na ɗago daga guga don in share zufa, abin da na gani ya sa na kusa ɗora dutsen a kan hannuna. Yaya ta ɗauki allura. Da hannun dama. Ta danne riga da gwiwar hannun hagu, ta ɗora maɓalli, tana cusa allurar tana cije leɓe. Allurar ta faɗi, ta ɗauka. Ta sake faɗi, wata ta yunƙura za ta taimaka, kallo ɗaya Yaya ta yi mata ta koma ta zauna. Maɓallin farko ya ɗauke ta lokacin da da can take gama riga guda. Na biyu bai kai haka ba. Kafin la'asar tana ɗinki tana faɗa, ta ce wa wannan kalmasarta ta karkace, ta ce wa waccan ta farke hannun riga ta sake. Ni ma ta aiko min da riga ta ce wuyan bai kwanta ba, ko da ƙafa nake gugar. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Lahadi da rana aka gama. Muka rataye rigunan a igiya daga taga zuwa taga, ajin ya yi kyau kamar shagon babban kanti. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan maɓallan da yatsa. Na ga kumatunta sun ciko. A raina na ce shi ke nan, mun tsallake.

Malaman makaranta suka shigo da yaran a layi. Na ɗauka za a yi hayaniya, sai na ga yara shiru-shiru, suna kallon igiyar ba sa kallon mutane. Aka fara gwadawa a bayan labulen da muka ɗaura a kusurwa. Mata suka yi ta ɓalla wa yara riguna suna juya su, ana tafi, ana ɗaukar hoto da waya.

Can cikin layi akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, doguwa, siririya, riƙe da ƙannenta mata biyu, ɗaya a kowane hannu. Ƙaramar ko magana ba ta gama iyawa ba. Da aka miƙo rigunan ƙannen ba ta bari kowa ya taɓa su ba. Ta tsugunna ta tuɓe su, ta zura musu, ta juya su, yatsunta suka bi maɓallan nan tsaf-tsaf kamar ta shekara tana yi. Yaya tana kallo tana gyaɗa kai. Ta miƙa hannu da kanta ta zaro wata shuɗiya mai farin wuya, wadda ita ta ɗinka wa maɓallai tun daga sama har ƙasa, ta ba yarinyar.

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga ta, ta shafa wuyan, ta juya bayan. Ta daɗe tana kallon bayan nan. Sai ta ninke rigar a hankali, ninki mai kyau, ta ajiye a kan tebur a gaban Yaya.

"Na gode, Kaka. A ba wata."

Yaya ta gyara zama.

"Me ya same ta? Ta yi miki kaɗan?"

"A'a."

"Launin ne bai yi miki ba?"

"Yana da kyau."

"To don me za ki dawo min da riga? Tunda nake ba a taɓa dawo min da riga ba."

Yarinyar ta kalli ƙasa. Ba rashin kunya a muryarta, ba kuka, kamar dai tana faɗin sunan unguwarsu.

"Ba wanda zai ɓalla min."

Wata malama ta matso tana raɗa wa Nas cewa uwarsu ta rasu wajen haihuwar ƙaramar, uban kuma lodin motoci yake yi, kafin gari ya waye ya fita. Yaya ba ta saurari malamar ba, yarinyar take kallo.

"Wannan fa?" Ta nuna ƙanwar da ke bi mata.

"Na gwada koya mata. Yatsunta ba su iya ba, sai ta yi ta kuka mu makara." Ta ɗan ja wuyan rigar da ke jikinta. "Wannan ma ta baya ce, wata ta ba ni. Juyawa nake yi."

Sai a lokacin muka duba da kyau. Ni da nake taƙamar na san riga, yarinyar nan ta daɗe a gabana ban lura ba. Rigar a juye take. Bayan ne a gaba, wuyan ya shaƙe mata maƙogwaro, aljihun da ya kamata ya zauna a ƙirji yana can a kan allon kafaɗarta.

"A aji suna ce min mai tafiya da baya," ta ce. "Shi ya sa nake so in samu ta gaba. In babu ba komai."

Kekunan da suka rage suna 'yan gyare-gyare duk suka tsaya. Yaya ta dafa tebur ta miƙe. Na ɗauka fita za ta yi, har na ajiye dutsen guga. Sai ta nufi layin yaran. Ta tsaya a gaban ta farko, wadda aka riga aka sa wa sabuwar riga ja.

"Ke, wa ke ɓalla miki riga da safe?"

"Kakata. Amma ba ta gani, sai ta sa na sama a na ƙasa."

Ta matsa gaba. "Ke fa?"

"Ni nake yi wa kaina."

"Ke?"

"Matar gidan da nake aiki ba ta son a tashe ta."

"Ke?"

Wannan kafaɗa kawai ta ɗaga. Akwai masu cewa inna, akwai masu cewa yaya, amma ba su da yawa. Yaya ta bi layin har ƙarshe, tana jan ƙafa, tambaya ɗaya take yi, muryarta na ƙara yin ƙasa. Mu manya muna tsaye kamar an dasa mu. Mata cike da aji, uwaye da kakanni, mun kwana biyu muna ɗinki muna yabon kanmu, ba wadda ta tsaya ta yi tunanin wanda zai tsaya a bayan yaran nan gobe da safe. Mutum ɗaya ce ta yi tunanin, ita ma mun yi mata dariya.

Yaya ta dawo ta zauna. Fuskarta ta koma irin ta ranar da na same ta a gadon asibiti, hannun daman yana kan cinya a sake. Na ce a raina abin da nake tsoro ya faru, kuma ta hanyar da ban taɓa zato ba. Hannun bai kunyata ta ba, abin da ta tsaya a kai duk rayuwarta ne ya kunyata ta a gaban unguwa. Na je na duƙa kusa da ita.

"Yaya, tashi mu tafi gida. Za su ƙarasa."

Na sake faɗa. Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta san ni ba, sannan ta leƙa bayana.

"Ina yarinyar nan ta tsallaken titi?"

Mai Zif ta taso jiki a sanyaye.

"'Yata," in ji Yaya. Na kalli Nas, Nas ta kalle ni. "Me kika ce a yi jiya?"

"Mama, a ɗinke bayan a rufe. A tsaga gaba, a bi shi da ƙyalle, a mayar da maɓallan. Ba sai duka ba, kaɗan sun isa."

"Za a gama yau?"

"In kowa ya zauna."

"Kowa zai zauna. A ba ni reza."

Ajin ya ɗau zafi, fankar nan ba abin da take yi. Yaya ta jawo shuɗiyar rigar, mayafinta ya sauko ya rufe mata hannu, ta ture shi, ya sake saukowa. Cikin fushi ta fizge shi gaba ɗaya ta jefar a kan benci, ta sunkuya a kan aikin.

Ina tsaye a bayanta, don haka ni na fara gani. Rigar Yaya ɗinkin Yaya ce, maɓallanta a baya. Na ƙasa guda biyu kawai ta iya ɓallawa. Daga nan har wuya a buɗe, an kama saman da fil ɗaya a karkace, shi ma ya kusa zarewa. Bayan yayata a waje, ƙasusuwan a jere, ta rame fiye da yadda na sani. Duk rigunan da ke cikin akwatinta irin wannan ne, ba ta da wata iri. Hannun ba ya kaiwa. Watanni ke nan ina tambayar kaina abin da ya hana ta fita ko ƙofar gida, ina ce mata taurin kai, ashe matar nan ba ta iya sa riga ne, kuma ta gwammace ta ruɓe a ɗaki da ta buɗe baki ta ce wa ƙanwarta zo ki ɓalla min. Haushi da tausayi suka kama ni lokaci guda.

Yarinyar ce ta motsa. Ta saki hannun ƙannenta, ta zagayo bayan kujera.

"Kaka, naki ma a buɗe yake. Tsaya."

Yaya ta sandare, reza a hannu. Na jira tsawa. Ba tsawa. Yarinyar ta zare fil ɗin ta kama shi da leɓe, ta fara daga ƙasa tana hawa, maɓalli bayan maɓalli, ta gyara wuyan ta shafa shi ya kwanta. Yayata, wadda ba ta taɓa ba wa kowa baya ba, ta zauna kanta a sunkuye har aka gama. Matan ajin kowa ta sami abin kallo a kan kekenta.

"Ta ina kike bi in za ki makaranta?" Yaya ta tambaya, ba ta waiwaya ba.

Yarinyar ta kwatanta.

"Kusa da gidana ne. Ki riƙa biyowa da safe in ɓalla miki. Sai a bar miki wannan yadda take."

Yarinyar ta murza fil ɗin a yatsa.

"Kaka, da safe ina ɗebo ruwa, in yi wa waɗannan wanka, in kai ƙaramar wurin maƙwabciya. In na biyo zan makara. A mayar min gaba kawai."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali. Ta shimfiɗa rigar, ta sa reza a ƙarƙashin maɓallin sama, wanda ta sha wuya jiya kafin ta ɗinka shi, ta yanke zaren. Maɓallin ya gangara a kan tebur, ta tare shi da hannun dama. Ta yanke na biyu. Kekuna suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

"'Yata," ta ce wa Mai Zif, tana yankan na uku, "in an gama na yaran, akwai nawa a gida cike da akwati. Su ma ki mayar min da su gaba."

Sai a lokacin bakina ya buɗe.

"Ba mai taɓa su," na ce. "Na yaran a mayar. Naki suna nan yadda suke. Ina zuwa da safe."

Ba ta ɗago ba. Rezar ta ci gaba da tafiya.

"To ki zo da wuri," ta ce. "Ina da aiki, ba na son jira."